Uwa a Gindin Murhu

Kwanakin baya wani saurayi da makarantarsu ta turo ofishinmu horon sanin makamar aiki ya tare ni a bakin ƙofa, ya rusuna ya gaishe ni, sa'an nan ya zaro wayarsa ya ce, "Yallaɓai, don Allah a taimaka mini da lamba." Na ba shi. Kafin la'asar na lura ya karɓi ta manaja, ya karɓi ta akanta, har da ta wani baƙo da ya shigo neman alfarma bai fi minti goma a wurin ba. Da na tambaye shi sunan baiwar Allah da ke buga takardu a teburin da ke jikin nasa, wadda ta yi sati biyu tana nuna masa inda kome yake, sai ya sosa ƙeya. Ban yi masa faɗa ba, domin ba ni da bakin yi. Kaina na gani a tsaye, shekara talatin da suka wuce.

A damunar 1994 ne aka sallame mu daga kwaleji mu tafi horon wata huɗu, irin wanda hukumar ITF ta ƙirƙiro tun 1973 domin ɗalibi ya taɓa aiki da hannunsa kafin a miƙa masa takardar shaida. Ni aka tura ni wani ƙaramin kamfani a Kano, can wajen Sabon Gari, wanda ke fitar da jarida mako-mako, yana kuma buga katin biki da rasit da kalanda domin ya riƙe kansa. Kamfanin ya daɗe da rufewa, ba kuwa zan ambaci sunansa ba.

Daren da zan fara, kawuna ya kira ni zaure. Tsohon ma'aikacin En'e ne, ya ga jiya ya ga yau. Ya ce, "Ɗana, karatu dabam, aiki dabam. Mai uwa a gindin murhu ba ya cin tuwonsa gaya. Kai ba ka da ita, saboda haka sai ka nemo. Ka duba wanda ya fi kowa girma a wurin, ka kama ƙafarsa, kada ka saki." Na ce, "To, Kawu." Na ɗauki maganar nan kamar karatun allo.

Abin da na fara yi ma abin dariya ne, ko da yake a lokacin ban ga dariyarsa ba. Inna ta ɗauki adashi ta ba ni kuɗin motar wata guda, domin alawus ɗin da ake cewa za a ba mu ba a san ranar fitarsa ba. Na yanki fiye da rabin kuɗin na kai wa wani mai ɗab'i a Fagge ya buga mini kati ɗari, irin wanda manya ke miƙa wa juna a taro. A sama sunana, a ƙarƙashinsa "Marubuci kuma Manazarci", sai lambar akwatin gidan waya ta makarantarmu. Marubucin da ba a taɓa buga masa ko layi ɗaya ba! Abin da kawai na mallaka shi ne wani labari da na cika littattafan rubutu uku da shi, masu shafi tamanin-tamanin, na yi shekara biyu ina fama.

Kamfanin bene ne mai hawa ɗaya. A sama Edita yake da Manaja, da labule da fanka. A ƙasa kuwa masu tafireta ne, da ɗakin duhu inda ake wanke fim a ƙona faranti, da inji mai ƙarar da sai ka ɗaga murya, ga warin tawada da kananzir. A wata kusurwa kusa da taga akwai wani dattijo siriri mai tabarau ɗaure da zare, wanda kowa ke kira Baba Mai Jan Biro. Shi ne mai gyaran rubutu. Duk abin da za a buga sai ya bi ta hannunsa. Wurinsa aka ajiye ni, ni da wani ɗan Gusau da aka turo daga wata makarantar. Aikin da aka ba mu shi ne sa lanƙwasa. Mai karatu na yau ba lallai ya gane ba: injunan rubutun da muke da su ba su da ƙ da ɗ da ɓ, saboda haka bayan an buga shafi sai mutum ya bi shi da siririn alƙalami yana lanƙwasa kan kowane baƙi da hannu, don kada manyan baƙi su koma manyan baki. Na raina aikin nan ƙwarai. Ni da na zo zama marubuci, a ce in wuni ina yi wa haruffa ƙaho?

Hankalina yana sama. Na haddace ƙarar motar Edita. Da na ji ta sai in yar da alƙalami in ruga in buɗe ƙofa, in karɓi jaka, in ce, "Ranka ya daɗe, barka da zuwa." Na ba shi katina har sau biyu. Na taɓa goge masa gilashin mota da hannun rigata. A mako na biyu na yi ta maza na miƙa masa littattafan nan uku, na ce a duba mini in an sami sarari. Ya karɓa yana magana da wani, ya ce, "Madalla, ɗan makaranta." Har na bar kamfanin da wannan suna yake kirana. Sau uku na tuna masa, sau uku yana cewa ana dubawa. Ba ni da wani kwafi, don a lokacin kuɗin hoton takarda shafi ɗari biyu da arba'in ya fi ƙarfina, musamman ga wanda ya riga ya zuba kuɗinsa a kati.

Ɗan Gusau kuwa bai taɓa hawa benen nan ba sai an aike shi. Yana cin abinci kwano ɗaya da masu inji, ya san sunan 'ya'yan maigadi, in masinja zai kai faranti yakan raka shi. A raina na ce wannan bai san abin da ya kawo shi birni ba.

Ana nan sai ma'aikatan man fetur suka shiga yajin aiki a farkon watan Yuli, kan soke zaɓen 12 ga Yuni 1993 da tsare Abiola, ba su janye ba sai farkon Satumba. Waɗanda suka ga lokacin sun san yadda gari ya koma. Layin mota ya kwana ya wuni a gidan mai, hayis ta yi wuya, ɗan acaɓa ya zama sarki. Daga Gwammaja nake takowa a ƙasa, in bi ta Ƙofar Mazugal in ratsa Fagge, in iso da ƙura har gwiwa ko taɓo in an yi ruwa. Mutanen sama suka ɗauke ƙafa, sai a yi kwana huɗu biyar ba a ga motar kowa ba. Amma jarida ba ta fasa fita ba, ko da ta rage shafi, domin mutanen ƙasa masu keke ne da masu sayyada. Baba kullum ƙarfe bakwai da rabi ya jingine kekensa.

Da yake hannu ya yi ƙaranci, sai Baba ya ɗauke ni daga sa lanƙwasa ya ce in riƙa riƙe masa kwafi. Yadda ake yi shi ne, ni in riƙe asalin rubutun ina karantawa da ƙarfi, shi kuma yana bin wanda aka buga da jan bironsa. Ba kalmomi kaɗai ake karantawa ba, har da alamomi: "Babban baƙi, Gwamnatin jiha, waƙafi, ta bakin kakakinta, waƙafi, ta ce, buɗe magana." Haka za mu yi ta yi har aya ta ƙarshe. Ranar farko na ji kamar raina zai fita. A mako na biyu sai na fara jin wani abu da ban taɓa ji ba a aji: jimlar da ta yi tsawo numfashi ne ke fara gaya maka, kalmar da aka maimaita kunne ne ke kama ta kafin ido. Wani lokaci Baba yakan ɗaga hannu ya ce, "Tsaya. Haka ake faɗa a gidanku?" In ce a'a. Ya ce, "To Turanci ne ya sa riga. Yaya Innarka za ta faɗa?" In faɗa, ya rubuta a gefe. Ban san ana koya mini rubutu ba, na ɗauka taimaka wa tsoho nake yi kafin manya su dawo.

Ranar da abin ya faru Laraba ce. Wani Alhaji ya kawo katin ɗaurin auren 'yarsa, guda ɗari biyar. Baba yana fama da shafin farko, sai ya miƙo mini ya ce, "Malam ƙarami, wannan ba shi da yawa. Duba shi kai kaɗai, in ka gama in sa hannu." Karo na farko ke nan da ya yarda da idona. Na kai layi na huɗu sai na ji ƙarar da na haddace. Edita ya sami mai, bayan kwana shida. Na ajiye katin na ruga. Na buɗe ƙofa, na karɓi jaka, na raka shi har sama, na tsaya ina jiran ko zai ce wani abu game da littattafaina. Bai ce ba. Da na sauko Baba ya ce, "Ka gama?" Na ce, "Na gama, Baba, lafiya lau." Ya sa hannu bai duba ba.

Asalin takardar ƙarfe 10 na safe ta ce. Mai tafireta ta buga 12. A layi na biyar.

Ran Juma'a Alhajin ya dawo da damin katin a hannu, an riga an raba kusan ɗari. Muryarsa har inji ta danne. Manaja da Edita suka sauko, aka ɗauko takardar aiki, ga sa hannun Baba. Manaja ya ce, "Baba, wa ya duba wannan?" Ina tsaye ba nisa, jikina yana rawa. Baba ya cire tabarau ya ce, "Hannun wa ka gani? Ni na duba." Aka sake buga katin a kuɗin kamfani, a lokacin da takarda da man janareta suke kamar zinariya, aka ce za a yanke naira ɗari uku daga albashinsa. Ni kuwa na yi shiru. Dalilin shirun nawa shi ne abin da har yau nake jin kunyarsa: Edita yana wurin, ba na so ya san ni da kuskure. Mutumin da bai ma san sunana ba.

Kwana tara na yi ina riƙe masa kwafi ba na iya haɗa ido da shi. Bai canza mini fuska ba, bai rage ba ni goro ba. Ɗan Gusau ne ya tsare ni a wurin mai shayi ya ce, "Wallahi kowa a ƙasan nan ya san kai ne. Kai kaɗai ne kake tsammani ba a sani ba." A ranar, bayan an tashi, na iske Baba yana ɗaure ƙafar wandonsa zai hau keke. Na durƙusa na ce, "Baba, katin nan ni ne ban ƙarasa dubawa ba." Ya ce, "Na sani tun ranar. Na ga fitarka, na ga dawowarka." Na ce, "To me ya sa ba a faɗa ba?" Ya ce, "Ni shekara ashirin da wani abu ana sanina a wannan sana'a. Kuskure ɗaya ba zai canza mini suna ba. Kai kuwa ba a san ka da kome ba tukuna. Da na faɗa, da shi za a fara sanin ka." Ya ɗan yi shiru, ya ce, "Kuma laifina ne da na sa hannu a abin da ban gani ba."

Sa'an nan ya koma ciki ya jawo aljihun teburinsa, ya fito da littattafaina uku. Ashe tun makonni da suka wuce masinja ya kwaso su cikin tarkacen takardun sama, waɗanda akan tara a sayar wa masu ƙosai da masu tsire. Al'adarsa ce duk abin da ya gani da rubutun hannu sai ya nuna wa Baba kafin ya ɗaure. Da ba don haka ba, da shekara biyun nan tawa ta ƙare a naɗe da ƙosai a bakin Bata. Wannan masinja kuwa ban taɓa yi masa gaisuwar da ta wuce ɗaga hannu ba. Na buɗe littafi na farko, ko'ina ja. Baba ya karanta shafi ɗari biyu da arba'in a gidansa da fitilar ƙwai. A bangon ƙarshe ya rubuta cewa labarin yana farawa ne a shafi na 31, abin da ke gabansa duk share fage ne, in cire. Gaskiyarsa ce, ko da yake sai da na yi wata uku ina jayayya da shi a zuciyata.

Ba na so in yi wa kawuna rashin adalci, Allah ya jiƙansa. Ƙasar da ya sani ya gaya mini, kuma ba ƙarya ya yi ba. Kamun ƙafa yana aiki. Na ga waɗanda takarda ɗaya daga babban mutum ta ɗora su kan kujerar da wasu suka yi shekara goma suna hange. Duk wanda ya ce wa matashi wannan ba ya faruwa, yaudararsa yake yi. Shi ma Editan ba mugu ba ne; mutum ne mai bashin takarda a wuya da albashin mutum talatin, kuma yara irina masu littafi a hammata suna zuwar masa kowane wata. Inda lissafin ya kuskure shi ne, ƙafar babba hannuwa da yawa ne a kanta, kuma ɗan koyo ba shi da abin da zai ba babba sai fadanci, wanda yake samu kyauta daga ko'ina. Na ƙasa da na gefe kuwa kana da abin ba su: ka riƙe kwafi, ka raka a kai faranti, ka gama abin da aka ba ka. Su ne kuma suke ganin aikinka da idonsu. In an tashi tambaya a kanka wata rana, ba wanda ka ba kati ake tambaya ba, wanda ya zauna kusa da kai ake tambaya.

Daga baya da na karanta tarihin magabatanmu sai na ga haka abin yake tun can. Lokacin da Rupert East ya zagaya yana neman masu rubuta ƙagaggun labarai a 1933, Abubakar Imam malamin Midil ne a Katsina, ɗan shekara 22. Ruwan Bagaja ne ya riga shi isa Zariya. Aikin da East ya gani ne ya sa ya nemi a ba shi aron Imam a 1936, aka sami Magana Jari Ce, har ta kai shi kujerar editan Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939. A zamaninmu kuma, matasan da suka kafa Raina Kama a Kano, su Ado Ahmad Gidan Dabino da Ɗan'azumi Baba da Balaraba Ramat Yakubu, ba su zauna jiran manyan kamfanonin ɗab'i su waiwaye su ba. Junansu suka riƙa, littafin wannan yana tallar na wancan a shafukan baya, har kasuwa ta san da su. Ana iya saɓani kan darajar wasu littattafan na wancan lokaci, an kuwa yi shi sosai a jaridu, amma ba a saɓani kan cewa hannun tsara ne ya ɗaga jinkar.

Ranar da horonmu ya ƙare, Edita ya sa hannu a littafin rahotona bai ɗago kai ba. Baba kuwa ya yagi gefen wata takarda ya yi rubutu layi biyu, ya ninke, ya ce in na gama gyaran labarina in kai wa wani abokinsa mai maɗaba'a a cikin gari. A hanya na buɗe, ban iya haƙuri ba. Cewa ya yi mai ɗauke da takardar yaronsa ne, kuma yana karanta aiki sau biyu. Sai da na tsaya a gefen titi. Ban cancanci wannan shaida ba a ranar da aka rubuta ta. Tun daga ranar nake ƙoƙarin kada in ƙaryata ta. Mutumin ya buga mini littafin a 1996, rabin kuɗi a hannu rabi in an sayar, bai nemi kowa ya tsaya mini ba.

Aikin farko da na samu na albashi kuma ta hannun ɗan Gusau ya zo, a 1998. Yana Kaduna a lokacin, aka ce ana neman mai gyaran rubutu, ya ba direban mota wasiƙa a tasha aka kawo har gidanmu. Ni da na raina shi, ban taɓa rubuta masa ko gaisuwar salla ba. Da na tambaye shi yadda aka yi ya tuna da ni, cewa ya yi, "Na ga ranar da ka durƙusa gaban keken Baba."

Naira ɗari ukun nan na kai wa Baba ita da albashina na farko, a cikin ambulan. Ya buɗe, ya ƙirga, ya zare naira ashirin ya ce ta goro ce, ya mayar mini da sauran. Na yi alkawari zan riƙa leƙo shi duk zuwana Kano. Na je sau biyu. Daga nan sai aiki, sai aure, sai yau sai gobe. Labarin rasuwarsa a bakin masinjan nan na ji, mun haɗu a Kantin Kwari yana dako, wata bakwai bayan an yi. Shi ya gane ni, ya kira ni da sunana. Ni sai da na tambaye shi nasa.

Saurayin ofishinmu ya dawo washegari da sunan mai buga takardun, har da garinsu. Na ba shi wani rahoto mai shafi goma sha biyu na ce ya ja kujera kusa da ita, shi ya riƙe asali yana karantawa da ƙarfi, ita tana bi a kwamfuta, har waƙafi da aya. Ya dube ni kamar na ce ya share tsakar gida. Ina jiyo su ta taga har azahar. A shafi na bakwai ta tsayar da shi, suka yi gardama kan wata jimla, ita ce ta yi nasara.